Ranar da Aka Zagi Yi-Haƙuri

Katako ne kawai ya raba shagona da na Yi-Haƙuri, katakon ma da tsaga a tsakiya, ta yadda in na yi atishawa a kan keken ɗinkina shi ne yake fara yi mini sannu. Ni tela ne, shi mai aski. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan, amma layinmu ya daɗe da mantawa da shi, domin mutumin nan in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Da idona na ga ya yi karo da ƙofar shagonsa ya ce mata ta yi haƙuri.

Aski kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, in yana da shi. Hannunsa da sanyi, in ya ja layin goshi sai ka rantse da rula ya auna. Matsalar tana farawa ne bayan an gama. Zai ajiye inji, ya ɗauko ƙaramin madubin hannu ya riƙe a bayan ƙeyar mutum. Shi kuwa ba ƙeyar yake kallo ba, fuskar mutumin yake karantawa a cikin babban madubi. In mutum ya ce "to," shi ke nan an shiga uku. "To" kawai? Sai ka ji inji ya sake tashi. "Yi haƙuri, bari in ɗan taɓa nan." Ya taɓa hagu, dama ta fi tsawo. Ya taɓa dama, hagu ta zarce. Kafin bawan Allah ya ankara, wanda ya shigo a rage masa sama-sama ya fita da tal-kwabo, kai yana sheƙi. An yi lokacin da rabin mazan layinmu suka koma sa hula ba don suna so ba.

Mu dariya muke yi, shi kuwa abin yana cin sa. In ya koma gida ba ya iya cin abinci, sai dai ya zauna yana jero fuskokin mutanen da ya yi wa aski yana tambayar matarsa, Maman 'Yan Biyu, ko tana ganin wane ya ji daɗi, alhali ita ko ganin wanen ba ta taɓa yi ba. Gabansa yana faɗuwa tun kafin ya buɗe shago. Tafin hannunsa yana gumi har inji ya riƙa sulɓewa. Ya fara buɗewa a makare, daga nan ya fara tsallake kwanaki. Ana cikin haka ƙanin matarsa, wani siririn saurayi da ake kira Caja saboda kayan waya da yake sayarwa a kan tebur a bakin titi, ya fara zuwa gaisuwa a kai a kai, yana gaisuwa yana auna bangon shagon da ido.

Wata rana Yi-Haƙuri ya ce mini ta tsagar katako, "Tela, na gaya wa Caja in abin nan bai bar ni ba zan ba shi makullin."

Na tsayar da keke. "Ka yi me kuma kai?"

"Ban sani ba. Ni dai kada in ƙara ɓata wa wani kai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ba abin da mutumin nan yake so a duniya kamar ƙarar injinsa. Kuma gaskiya ni ma ban shirya zama maƙwabcin Caja da lasifikarsa ba.

Shi ya ɗauka ciwon zuciya ne yake damun sa. Matarsa ta kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka ce zuciyarsa ta fi ta wanda ya gwada shi lafiya, aka tura shi hawa na sama wurin wata likitar da ba ta allura, magana kawai take yi da mutane. Ranar da za a je ni na ɗauke shi a babur, don na san in shi kaɗai ne daga bakin ƙofa zai ba mai gadi haƙuri ya juyo.

Ɗakin ba wani abin tsoro. Kujeru, fanka mai ɗan kuka, farin allo a bango, da wata shuka a tukunya da ta fi kowa a ɗakin kwanciyar hankali. Likitar ba ta kai mu shekaru ba. Ta tambaye shi ko yana so in shigo, ya riƙe hannun rigata, na shiga. Ta ce aikinta yana da wani dogon suna na Turanci, amma a taƙaice gyaran tunani da ɗabi'a ne, kuma shi zai yi aikin, ita rakiya ce. Sai ta ce ya ba ta labarin mutum na ƙarshe da ya yi wa aski.

"Da ya ce 'to,' me ya faɗo maka a rai?"

"Bai ji daɗi ba."

"Ya faɗa maka?"

"A'a, Likita. A fuskarsa na gani. Ya ɗaure ta tamau."

Na kasa yin shiru. "Likita, direban babbar mota ne. Da fuskar a ɗaure aka haife shi."

Ta yi dariya, ta koma kansa. "To mu ce bai ji daɗin ba. Sai me?"

"Zai gaya wa mutane."

"Sai me?"

"Kowa ya daina zuwa."

"Sai me?"

Ya sunkuyar da kai. "A riƙa nuna ni a layi. 'Yan biyuna su ji ana cewa ubansu bai iya komai ba."

A nan na daina dariya. Shekara da shekaru muna raba katako ɗaya, ban taɓa sanin cewa daga "to" ɗin direba har zuwa kunyar 'ya'yansa hanya ce miƙaƙƙiya a kansa ba.

Ta tashi ta zana da'ira uku a allo, ta haɗa su da kibiyoyi. Ta ce ga tunani, shi ne ya ce mutumin bai ji daɗi ba. Ga jiki, shi ya amsa da faɗuwar gaba da gumi. Ga aiki, wato hannu ya rarumi inji, baki ya hau ba da haƙuri, don gaban ya lafa. "Yana lafawa kuwa," in ji ta, "na ɗan lokaci. Shi ya sa gobe ma za ka sake. Amma ba ka taɓa tsayawa ka ga abin da zai faru in ba ka ɗauki injin ba. Tunanin nan zato ne kawai. Za mu gwada shi mu gani."

Aikin gida da ta ba shi bai yi kama da magani ba. Kafin ya nuna wa mutum madubi, ya faɗi abin da yake zaton zai faru. Ya nuna madubi sau ɗaya tak. Ba haƙuri sai in da kuskure na gaske, ba sake ɗaukar inji sai in mai kai ne ya nema. In mutum ya fita, ya faɗi abin da ya faru a zahiri. Ta ce ya riƙa rubutawa, ya ce hannunsa kullum a jiƙe yake da gashi manne. Ta kalle ni ta ce, "Ba kun ce akwai tsaga a bangonku ba?"

Haka na zama shaida ba tare da an nemi ra'ayina ba.

Washegari ina yankan hannun riga sai na ji raɗa ta tsaga. Ya yi kamar zai ɗauko hoda ya matso jikin katako. "Tela, wannan zai tashi ya zage ni."

"Na ji."

Na leƙa. Ya nuna madubi, ya ajiye, ya mai da hannayensa baya ɗaya ya damƙe ɗaya kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Gumi yana bin ƙeyarsa. Leɓensa yana motsi, "yi haƙuri" tana neman hanyar fita yana haɗiye ta. Mutumin ya juya kai hagu, ya juya dama, ya ce, "To." Ya tashi ya kakkaɓe wuya ya yi sallama ya fita da gashinsa a kansa.

"Me ya faru?" na tambaya.

"Ya ce 'to.'"

"Ya zage ka?"

"A'a. Amma wataƙila a hanya yake zagin."

"Wannan kuma ba mu ji ba."

Ya zauna a kan benci yana rawar ƙafa har na gama haɗa kafaɗa. Can ya ce, da mamaki a muryarsa, "Ka san faɗuwar gaban ta ragu da kanta?"

Haka muka riƙa yi. Ya ce wani zai kira 'yan sanda, wani zai fasa madubi, wani ba zai ƙara dawowa ba. Wanda ba zai ƙara dawowar ba shi ya dawo da ƙaninsa. Ba kullum ake cin nasara ba. Akwai ranar da wani malamin makaranta ya yi tsaki saboda saƙon da ya gani a waya, kafin in ce kada inji ya riga ya tashi, malam ya fita da tal-kwabo. Amma duk sati in muka je wurin Likita akwai abin faɗa, kuma hula ta fara raguwa a layi.

A gida ne abin bai yi sauri ba. Har yanzu yana komawa a gajiye, yana tambaya, yana juya abinci da cokali. Maman 'Yan Biyu kuwa mace ce da ba ta iya zama tana kallon abu yana tafiya a hankali. Ta tambaye shi me Likita ta ce, ya ce mata ana gwadawa ne a ga ko mutane suna jin daɗin askinsa. Ita kuma ta ce a ranta, in dai wannan ne ai da sauƙi. Dangi gare ta kamar me.

Sai kawai kasuwa ta buɗe wa Yi-Haƙuri. Tun safe benci ya cika da baƙin fuskoki, kuma duk wanda ya tashi daga kujera sai ya yi jawabi. "Kai! Ban taɓa ganin aski irin wannan ba!" Na gaba ma, "Kai! Ban taɓa ganin aski irin wannan ba!" Wani har da riƙe baki. Kwana na farko abokina ya koma gida yana tafiya kamar ba a ƙasa yake taka ba. Ni kuwa na fara zargi, don na lura duk hancinsu iri ɗaya ne.

Abin ya tonu ne ranar da aka kawo Kawu. Wani tsoho ne ɗan'uwan mahaifiyar Maman 'Yan Biyu, kunnensa ya yi nauyi, kansa kuwa ko gashi ɗaya babu tun kafin a haifi 'yan biyu. Caja ne ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi. Yi-Haƙuri ya yafa masa mayafin aski, ya tsaya da inji a hannu yana neman inda zai fara. Bai ko kunna ba Kawu ya ɗaga murya, "Kai! Ban taɓa ganin aski irin wannan ba!"

Yi-Haƙuri ya sunkuyo wurin kunnensa.

"Kawu, ai ban fara ba."

"Na'am?"

"Ban fara ba!"

"To ai ita ta ce in faɗa." Ya waiga wurin Caja. "Ko ba yanzu ba ne?"

Caja ya ɗaga kafaɗa, fuskarsa ba laifi ko kaɗan, wai shi ma mamaki yake yi. "Mijin Yaya, ni ma Yaya ce ta ce in na zo in faɗi haka. Kowa ta gaya masa. Na ɗauka ka sani."

Ban taɓa ganin mutum ya sace a tsaye kamar yadda Yi-Haƙuri ya sace ba. Ya cire wa Kawu mayafi, ya ninke shi a hankali, ya ba kowa haƙuri har da ni da ban yi komai ba. Da aka watse ya ja ƙofa ya kulle, ya shigo shagona ya ajiye makullin a kan keken ɗinki.

"Ka ba Caja."

"Kai ka ba shi mana."

"Tela, matata ma ta san aikina bai da kyau. In da kyau, me zai sa ta nemo masu yabo?"

Na jefa makullin cikin gwangwanin maɓallai na rufe. Na ce sai mun ga Likita, in ta ce a ba Caja, ni da kaina zan taya shi kafa lasifika.

A wannan zuwan mu uku muka je. Maman 'Yan Biyu ta shiga da shirin faɗa, tun kafin ta zauna ta fara. "Likita, laifi ne mace ta so mijinta? Mutum yana ramewa a gabana, in naɗe hannu? Kun ce a gwada a ga ko ana son askinsa, na kawo masu so. Ina laifina?" Kafin ta ƙarasa hawaye ya kece mata, ta share da gefen mayafi tana hararar shukar da ke tukunya.

Likita ta miƙa mata ruwa. Ta ce ba laifi ba ne, kusan duk iyalin da ta gani da irin wannan ƙaunar suke zuwa. Ta ce yabon nan kamar susar ƙaiƙayi ne, da daɗi a lokacin, anjima kuma ya dawo ya fi na da. "Ba so muke ya yarda cewa kowa zai yaba ba, don ba mai askin da kowa yake yabawa. So muke ya ga wani ya ƙi askinsa, shi kuma yana nan da ransa, ya ci gaba da aiki."

Maman 'Yan Biyu ta yi lissafi. "Wato masu zagi zan samo?"

"A'a!" Ni da Likita muka faɗa tare.

"Don akwai wani ɗan ƙanwar babana, bakinsa ba linzami."

"Kada ki samo kowa," in ji Likita. "Ke ma ga naki aikin. In ya dawo ya tambaye ki ko wane ya ji daɗi, ki ce masa ba ki sani ba."

"Ban sani ba?"

"Kin sani?"

"A'a."

"To gaskiya za ki faɗa."

Na san matar nan tun tana amarya, ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Ta gwada ta a nan ɗakin, ta fito mata kamar tana haɗiyar ƙwaya ba ruwa.

Daga nan Likita ta juya wurin Yi-Haƙuri. Ta tambaye shi ko yana da wata hujja cewa matarsa ta raina aikinsa, ban da abin da ya karanta a fuskarta. Ya kalli matar, ta ce, "Ni tsoro nake ji kada ka mutu mini da baƙin ciki, ina ruwana da kan mutane." Ya yi wata 'yar dariya ta kunya. A hanyar komawa ya ce in ba shi makullinsa, amma ya ƙara da cewa ranar da aka zage shi da gaske bai san ko zai iya ba.

Daga ranar muka shiga jiran mai zagi. Abin haushi, da ake neman sa sai ya yi wuya. Mutane su zo, su ce "to," su tafi. Wani ya ce a ɗan ƙara rage gefe, aka rage, ya gode. Yi-Haƙuri ya raɗo mini, "Wannan ya shiga lissafi?" Na ce a'a, wannan ko ƙorafi bai kai ba. A gida kuma, in ji shi, Maman 'Yan Biyu tana cewa "ban sani ba" sannan ta ruga kicin ta rufe ƙofa don kada sauran maganar ta kufce mata. Caja bai daina zuwa gaisuwa ba.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. Wani ƙaton mutum ya shigo da kwat a rataye a hannu, yana duba agogo, ya ce a rage masa kaɗan kawai, yana da muhimmin taro. Akwai wani ma a benci yana jira. Yi-Haƙuri ya yi gefe ɗaya lafiya lau. Sai ya cire robar nan da ake sa wa bakin inji don kada ya ci gashi har ƙasa, ya hure ta, ya goge, ya ajiye a kan tebur ya ɗauko buroshi. Mutumin ya ce a yi sauri. Yi-Haƙuri ya kunna inji ya ɗora a ƙeya ya tura sama. Robar tana nan zaune a kan tebur.

Ta tsaga na ga hanya fara fes daga ƙeya har kusan tsakar kai.

Injin ya mutu. Mutumin ya shafa ƙeyarsa, ya fizgi madubin hannu ya duba da kansa. Sannan ya miƙe, shagon ya yi masa kaɗan.

"Kai wane irin mai aski ne? Makaho ne kai? Dubi abin da ka yi mini! Da wannan kan zan shiga taro?"

Na riga na miƙe da almakashi a hannu, ban san me zan yi da shi ba. Yi-Haƙuri ya yi fari fat. Na ce shi ke nan, yanzu zai durƙusa. Sai na ji muryarsa, tana rawa amma tana fita.

"Kuskurena ne, malam. Na manta ban mai da robar ba. Ka yi haƙuri. In ka yarda zan daidaita sauran, zai yi ƙasa amma zai yi tsaf."

Sau ɗaya ya faɗa. Na ƙirga.

"Ka sake taɓa kaina? Allah ya kiyaye! Wallahi duk wanda na sani sai na gaya masa kada ya tako nan. Ka je ka nemi wata sana'ar!" Ya yaye mayafin ya jefar a ƙasa, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita da tafin hannu a ƙeya. A bakin ƙofa ya ƙara wata kalma da ba zan maimaita ba. Wanda yake jira a benci ya tuna cewa ya bar wani abu a gida, ya sulale.

Na zagaya na shiga. Na same shi zaune a kujerar aski, inda bai taɓa zama ba, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Bakina cike da magana: ai laifin mutumin ne da gaggawa, ai kowa yana kuskure, ai gashi ne zai fito. Na tuna an hana, na haɗiye. A ranar na san wahalar da Maman 'Yan Biyu take sha.

"Tela, gabana kamar zai fito waje."

"In kira Likita?"

"A'a. Ta ce yana hawa ne ya sauka. Bari in ga ko gaskiya ne."

Na zauna a benci. Fanka tana juyawa, gashin mutumin yana yawo a ƙasa. Yana jan numfashi yana saki, ƙafarsa tana bugun ƙarfen kujera. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, na dai san shayin da na bari a shago ya huce. A hankali ƙafar ta rage bugu, ta tsaya.

"Duk abin da nake tsoro ya faɗa," ya ce. "Bai rage ko ɗaya ba."

"Har da ƙari."

"Har da ƙari." Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi rufin shago, ya dube ni. "Kuma ga ni."

Ya sauko ya ɗauki mayafin ya kakkaɓe, ya mai da robar bakin inji ya danna ta har ta yi ƙara, ya ɗauki tsintsiya. Ni kuwa na yi kamar gashi ne ya shiga mini ido.

Labari ba ya kwana a layinmu, ko wuni ba ya yi. Caja ne ya fara isowa, ya tsaya a bakin ƙofa da muryar ta'aziyya. "Mijin Yaya, na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka shi ya fi alheri. In kana so ko yau ma zan iya kwaso kayan."

"Matsa," in ji Yi-Haƙuri, "kana tsaye a kan shara."

Caja ya matsa, ya ƙara matsawa, tsintsiya tana bin ƙafarsa har ta kai shi bakin titi.

Sai ga Maman 'Yan Biyu tafe da sauri, takalmi ɗaya nata ɗaya na wani, tana haki. Ta tsaya ta dubi mijinta daga sama har ƙasa. Na ga lallashi ya cika mata baki har kumatunta sun kumbura. Ta dube ni, na girgiza kai. Ta haɗiye da ƙyar.

"Baban 'Yan Biyu, ya aiki?"

"Yau na ɓata wa wani kai. Ya zage ni tas."

"Wani ƙato mai kwat? Na gamu da shi a kwana yana neman mai sayar da hula."

"Kin ga kan?"

"Na gani."

"Ya kika gan shi?"

Ta kalle ni, ta kalli ƙasa, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Gaskiya ya ɓaci."

"Sosai ma," in ji shi.

Ita ta fara fashewa da dariya, shi ya bi, ya dafa tsintsiya yana dariya har da hawaye, irin dariyar da na daɗe ban ji ta ratso katako ba. Suna cikin haka wani mutum da ba mu sani ba ya leƙo yana shafa sumarsa, ya tambaya ko ana aiki.

Yi-Haƙuri ya goge ido da bayan hannu, ya jingine tsintsiya, ya juyo da kujera.

"Ana yi. Shigo ka zauna."